Yadda ake gano shekarun tsofaffin hotunan titin kasuwa

A fara da jera hotunan titi guda, kada a haɗa su da na sauran unguwanni. Sai a nemi abin da bai gusa ba, kamar masallacin Juma'a, tashar jirgin ƙasa ko wata tsohuwar kuka, a riƙa auna sauran gine-gine da shi.

Hoton da ba a rubuta masa shekara ba, titin da kansa zai faɗa. A Najeriya an koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, don haka motar da ke bin hagu ta riga wannan lokacin. Amma a kula: wani lokaci mai wanki yakan juya fim, dama ta koma hagu. A duba rubutun allon kanti. In ya fito a juye, hoton ne aka birkita. Farashi da fam da sule na nuna kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. A gari irin Nguru, ganin layin dogo na nufin daga 1930 zuwa sama. Allunan kantunan John Holt da UAC, tsofaffin kamfanonin cinikin Turawa, su ma suna taimakawa, musamman in dattawan kasuwa sun tuna wanda ya gaji rumfar.

Wajen adanawa, a yi sikanin, wato kwafe hoton cikin kwamfuta, a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci). Kada a yi laminetin, zafinsa na lalata hoton kuma ba ya ciruwa. Bayani a bayan hoton da fensir kawai, domin tawadar biro tana ratsa takarda. In hoto ya manne da gilashin firam, a bar shi haka nan, ɓamɓarewa na tafiya da fuskarsa.