Yadda miji da mata za su fara addu'a tare a gida, ko da ɗaki ɗaya suke

'Yan'uwa a cikin Kristi da ke Kumasi, musamman mu na Aboabo da Asawase da Tafo, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Za ka ga miji da mata ran Lahadi sun sa kaya iri ɗaya sun zauna benci ɗaya a coci, shi yana cikin dattawa ita tana zumuntan mata, amma a gida sai a yi wata ba su buɗe baki tare a gaban Allah ba in ba addu'ar abinci ba. Ba wai basu son Allah bane, yawanci ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi ne, kuma akwai kunya. To ga yadda nake ganin za a fara.

Abu na farko ku zauna ku zaɓi lokacin da zai yiwu da gaske, kada ku zaɓi wanda zai yi daɗin faɗa a gaban fasto. In uwargida tana sayar da kaya a kasuwar Kejetia tana fita kama trotro, wato motar haya, tun duhu bai waye ba, maigida kuma makanike ne a Suame Magazine baya dawowa sai takwas na dare a gajiye, kada ku ce za ku riƙa tashi ƙarfe 3 kullum, ba za ku cika sati ba. Mu da muke zaune a zango ma Allah ya sauƙaƙa mana, kiran sallar asuba na maƙwabtanmu Musulmi yana tashinmu ko mun so ko bamu so ba, sai ku mai da shi agogonku, su sun tafi masallaci ku kuma ku zauna bakin gado ku yi naku kafin yara su farka a fara rigimar wanka da kuɗin koko da ƙosai. Minti 10 ya isa a farko. Da gaske nake, minti 10 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata.

Kuma a gidan haya da ake raba tsakar gida da mutane, ku rage murya dan Allah. Allah ba kurma bane, maƙwabcin da ya yi aikin dare kuma yana da haƙƙin barci. A Matiyu 6:6 ai cewa aka yi ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa.

Sai karatu. Kada ku buɗe Littafi Mai Tsarki ko'ina ido ya faɗa, ku ɗauki littafi guda ku bi shi a jere. Karin Magana yana da sura 31, kenan sura ɗaya kowace rana ta wata, in kun manta inda kuka tsaya sai ku duba kwanan wata kawai. Markus sura 16 ne kuma labari ne mai saurin tafiya, yana da kyau ga masu farawa. Zabura kuwa 150 ne, ku ajiye ta don ranakun da zuciya ta yi nauyi. Mutum ɗaya ya karanta ɗayan ya saurara, gobe a juya. In ɗayanku bai iya karatu sosai ba ba abin kunya bane, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya har da na saurare, ku sauke shi tun da data don ranar dumso, wato ranar da aka ɗauke wuta, ko ranar da data ta ƙare. Tun 1932 aka buga cikakkensa da Hausa, yau kuma yana cikin aljihunmu, uzurinmu kaɗan ne.

Maganar yare kuma kada ta zama rigima. Gidaje da yawa a nan miji Bakusashe ne ko Frafra, matar daga wani gefe, Hausa ce ta haɗa su, yaran kuma Twi ya fi zama a bakinsu. Ku karanta da yaren da ku biyu kuke ji, amma wajen roƙo kowa ya yi da wanda zuciyarsa ta fi sakewa a ciki.

Bayan karatu kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji a ciki, ɗaya tak, kuma game da kansa. Nan ne mutane da yawa suke ɓata abin. Maigida ya karanta Afisawa 5:22 yana kallon matarsa ta gefen ido, ya tsallake aya 25 inda aka ce ya ƙaunace ta kamar yadda Kristi ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Ko uwargida ta rufe ido ta fara "ya Uba ka taɓa zuciyar baban yara ya daina ɓoye kuɗi", wannan habaici ne aka sa masa rigar addu'a, kuma mutum yana ji sau biyu zai fara neman dalilin fita da sassafe. In akwai magana tsakaninku ku yi ta ido da ido kafin ku durƙusa. Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, sannan 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi maza kai tsaye cewa yadda ka riƙe matarka yana iya tare addu'arka. Maza, wannan ayar tamu ce, a karanta ta da kyau. "Yi haƙuri maman yara, na yi kuskure jiya" baya rage wa namiji komai.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, maganar ikon Allah. Ku samu ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ku raba shafi biyu. Gefe ɗaya ku rubuta abin da yake hannunku, ɗaya gefen abin da ba ya hannunku. Misali kuɗin haya da mai gida yake nema na shekara gaba ɗaya, zubin susu, wato adashi, da rage kashe kuɗi yana hannunku, ko kasuwa za ta buɗe wannan watan baya hannunku. Na farkon ku roƙi ƙarfi da hikima ku tashi ku yi, na biyun ku miƙa shi ku bar shi a can. Karin Magana 16:9 ta ce mutum yana shirya hanyarsa amma Ubangiji ne yake bi da sawunsa, kun ga ba a hana shiri ba. Yakubu 4:15 kuma ta koya mana mu ce in Ubangiji ya yarda za mu yi kaza, wanda dama bakinmu ya saba da shi, saura zuciya ta saba.

Inda abin ya fi zafi shi ne jiran haihuwa. Na san gidajen da shekara ta biyu bata cika ba dangin miji sun fara waya daga arewa, ana tambayar matar kaman ita ke riƙe da mabuɗin. Ku buɗe Farawa 25 tare. Ishaku yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, sai da ya kai 60 aka haifi Isuwa da Yakubu, shekara 20 kenan, kuma aya 21 ta ce shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Ɗan'uwa, kai ne zaka tsaya tsakaninta da maganganun danginka, kada ka bar ta ita kaɗai tana kuka kaman yadda Hannatu ta yi kukan rashin haihuwa a Shilo. Sannan ku je asibiti ku biyu, ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da ku, a gwada kowa, domin matsalar tana iya kasancewa daga namiji. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya bane, wanda ya yi jikin shi ya ba likita sanin. Ku yi hankali kuma da duk wanda zai ce ku tura momo, wato kuɗi ta waya, kafin ya karya muku wani abu, ko ya nuna muku surukarku ya ce ita ce mayya. Gidaje sun watse ta nan. Romawa 8:28 bata ce komai zai zo yadda muka tsara ba, cewa ta yi Allah yana aiki cikin komai don alherin masu ƙaunarsa, kuma wani lokacin amsar tana daɗewa, wani lokacin ta zo ta hanyar da bamu nema ba. Yana da wuya, ban ce da sauƙi ba, shi ya sa ake riƙe hannun juna a ciki.

Wani abu kuma dole in faɗa a fili. Kada kowa ya ce wa macen da ake duka "ki yi haƙuri ikon Allah ne". Duka zunubi ne kuma laifi ne a dokar Ghana tun dokar cin zarafi a gida ta 2007, 'yan sanda ma suna da sashen DOVVSU saboda haka. 'Yar'uwa in kina cikin wannan hali ki gaya wa dattawan coci da danginki, ki nemi wurin tsira, addu'a bata hana ki kai ƙara ba.

Wajen rufewa kowa ya yi wa ɗayan addu'a da sunansa, gajere, a kan abin da zai fuskanta ranar. Ita ta roƙa masa kariya a ƙarƙashin mota da samun masu biyan bashi, shi ya roƙa mata ciniki da ƙarfin ƙafa. Kada ku manta maƙwabta, har Alhajin da ke ƙofa ta gaba in bashi da lafiya, bayan addu'ar kuma a leƙa a gaishe shi. Ranar Asabar ko Lahadi da yamma sai a sa yara a ciki, a yi waƙa ɗaya, ƙarami ya faɗi Addu'ar Ubangiji. Ƙarshen wata ku buɗe littafin nan ku ja layi a kan abin da Allah ya amsa ku yi godiya, wanda bai amsa ba a mai da shi sabon shafi.

In kun tsallake kwana biyu ko uku kada a tsaya neman mai laifi, ku ci gaba daga surar ranar. In kuma ɗaya ya yi tafiya Bolga ko Bawku jana'iza, ku riƙe lokacin nan dai, a kira a waya ko a tura saƙon murya ta WhatsApp da ayar da addu'ar, ɗayan ya saurara ya mayar da nasa.