Yadda ake haɗa AppImage da zai buɗe a kwamfutar wasu

AppImage fayil ne guda ɗaya da ke ɗauke da manhajar Linux, ana buɗe shi ba sai an girka ba. Yawancin masu fara rarraba manhajarsu ta AppImage a wuri guda suke faɗuwa. Fayil zai haɗu, ya buɗe lafiya lau a kwamfutar mai shi, a ɗora shi a GitHub, sai wanda ya fara saukewa ya dawo da ƙorafin cewa abin ya ƙi tashi, ga kuma abin da ya fito: `GLIBC_2.38 not found`. Tushen matsalar shi ne kwamfutar da aka harhaɗa manhajar a kanta, don haka a nan za mu daɗe. Na ɗauka ka riga ka iya harhaɗa manhajarka da CMake.

Na farko, harhaɗa a kan tsohon Linux. AppImage yana tafe da laburarorin da manhaja ke buƙata a cikinsa, amma ban da glibc, wato babban laburaren C na Linux. Da gangan linuxdeploy, kayan aikin da za mu haɗa AppImage da shi, ke barin ta a waje, tare da libGL da sauran abubuwan da ke manne da direban katin hoto, domin waɗannan dole su zama na kwamfutar mai amfani. Ita kuwa glibc, abin da aka harhaɗa a kan tsohuwa yana aiki a kan sabuwa, amma na sabuwa sau da yawa ba ya aiki a kan tsohuwa. Ubuntu 24.04 tana da glibc 2.39, Debian 12 tana da 2.36, Ubuntu 22.04 tana da 2.35, AlmaLinux 8 kuma 2.28. Idan ka harhaɗa a 24.04, to kana iya rufe wa masu sauran ukun ƙofa ba tare da ka sani ba.

Ba sai ka sauya tsarin kwamfutarka ba, kwantenar Docker ta isa:

`docker run -it -v "$PWD":/aiki ubuntu:22.04`

A cikinta za ka girka kayan harhaɗawa ka yi komai. Ni a ganina 22.04 ita ce iyakar sabunta da ya kamata a yarda da ita. Mai son kaiwa ga injinan ofisoshi da ba a cika sabuntawa ba ya sauka AlmaLinux 8. Kada kuma ka shiga tsohuwar kwantena ka jawo sabon GCC daga waje don jin daɗin sabon C++. Ita ma libstdc++, wato laburaren C++, ba a saka ta cikin kunshin, sai kuskuren ya dawo da sunan `GLIBCXX`. In ba makawa sai da sabon GCC, ƙara `-static-libstdc++` wajen haɗawa.

Na biyu, girka manhajar cikin AppDir, wato foldar da za a mayar AppImage. Ka ba CMake `-DCMAKE_INSTALL_PREFIX=/usr`, sannan `make install DESTDIR=AppDir`. Lura da cewa duk lokacin da aka buɗe AppImage, ana ɗaura shi ne a wata folda ta wucin gadi ƙarƙashin `/tmp`, sunanta kuma canjawa yake. Manhajar da aka rubuta mata `/usr/share/...` a cikin jikinta za ta je neman hotunanta da fassararta a kwamfutar mai amfani, ta taras babu. A kwamfutarka ba za ka ga wannan ba idan ka taɓa girka ta a can. Sa ta nemi fayilolinta daga inda ita kanta take, ko ta karanta `APPDIR`, wanda ke nuna wannan folda ta wucin gadi.

Na uku, fayil ɗin .desktop da tambari. A sa `Name`, `Exec`, `Icon`, `Type=Application` da `Categories`; in babu na ƙarshen, haɗin tsayawa yake yi. A layin `Icon` suna kawai ake rubutawa, ba a ƙara `.png`. Tambarin ya zama 256x256 ko SVG, don linuxdeploy ba ya karɓar girman da ba a saba da shi ba.

Na huɗu, haɗa. Docker ba shi da FUSE, abin da AppImage ke buƙata don ya buɗe, shi kuma linuxdeploy kansa AppImage ne, saboda haka:

`APPIMAGE_EXTRACT_AND_RUN=1 ./linuxdeploy-x86_64.AppImage --appdir AppDir --output appimage`

Mai amfani da Qt ya sauke plugin ɗin Qt na linuxdeploy ya ƙara `--plugin qt`, in ba haka ba manhajar za ta mutu tana neman `xcb`. Kafin ka yi murna, duba glibc mafi sabunta da kunshin ke nema, har da laburarorin, ba manhajar kaɗai ba:

`find AppDir -type f -exec objdump -T {} + 2>/dev/null | grep -o 'GLIBC_[0-9.]*' | sort -Vu | tail -1`

Lambar da ta fito ita ce mafi ƙarancin glibc da mai amfani zai kasance da ita. Rubuta ta a shafin saukewa.

Na biyar, gwaji da rarrabawa. Gwada a sabuwar Fedora da Debian da ba a girka musu komai ba. Idan an ga ƙorafin `libfuse.so.2`, a girka `libfuse2` a Ubuntu 22.04, ko `libfuse2t64` a 24.04, ko a buɗe da `--appimage-extract-and-run`. Fayil ɗin da aka sauke daga intanet ko aka kwafo daga filash mai FAT32 ba ya zuwa da izinin tashi, sai an yi masa `chmod +x`. Faɗa wa mutane wannan a layin farko na bayaninka.

Inda data ke da tsada, a nan AppImage ya fi Flatpak, wata hanyar rarraba manhajar Linux, sauƙi a karon farko, tunda babu ɗaruruwan megabait na tushen GNOME ko KDE da za a fara saukewa. Sai dai ba shi da shingen tsaro irin na Flatpak, kuma duk laburaren da ka kunsa, gyaran ɓarakarsa a wuyanka yake. Sanya bayanin zsync domin AppImageUpdate ya riƙa sauko da ɓangaren da ya canja kawai, ka wallafa SHA256 kusa da fayil ɗin, ka kuma haɗa lasisin laburarorin GPL da LGPL tare da hanyar samun tushen rubutunsu.