Jinyar tsohon da ya karye a ƙugu, yadda muka yi da Innarmu

Innarmu ta faɗi ne wata asuba a Disamba, irin sanyin Jos ɗin nan da ruwan buta ke zama kamar ƙanƙara, ta fito alwala silifas ya kwashe ta a bakin famfo. Faɗuwar ma ba wata babba ba ce wallahi, amma ta kasa tashi, da muka haska sai muka ga ƙafar dama ta gajarce kuma tafin ya juya waje. To duk wanda ya ga haka a jikin tsoho kar ya ja ƙafar, kar ya ce bari a miƙar da shi a gwada. A ɗauke shi a kwance a kai asibitin da ke da likitan ƙashi a yi hoto, mu nan akwai JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, akwai kuma asibitin Plateau Specialist.

Na san za a ce a kira mai ɗori, mu ma an faɗa mana. Amma ƙashin nan yana can ciki tsoka ta rufe shi, babu inda za a ɗaura kara, kuma idan a wuyan ƙashin cinyar ne aka karye sau da yawa jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini sun yanke, ba zai haɗe da kansa ba. Shi ya sa likitoci ke son a yi tiyata cikin awa 48 in da hali. Ko dai a sa ƙusoshi da ƙarfe a riƙe ƙashin, ko a cire kan a sa na ƙarfe. Ku tambaya wanne aka yi, kuma an yarda ta taka ƙafar ko a'a, don dokar kowanne daban.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure, tausayi. Washegarin aiki masu gashin ƙashi suka zo suka ce sai Inna ta zauna a bakin gado ta miƙe, ni kaina sai da na ji haushinsu, ita kuwa cewa take "ku bar ni in huta 'yan nan, me na yi muku?" Ashe kwanciyar ce abin tsoro. Tsohon da ya daɗe a kwance shi ne nimoniya ke kamawa, jini ya daskare masa a ƙafa, baya ya yi gyambo, tsokar cinya ta zube cikin 'yan kwanaki har ya zama ko ƙashin ya warke ba ƙarfin tsayuwa. Don haka a gida ma a ci gaba, tafiya gajera sau da yawa a rana da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, daga gado zuwa ƙofa, jibi zuwa tsakar gida. A ba ta maganin ciwo kamar rabin awa kafin a fara, in ba haka ba za ta ƙi kuma da gaskiyarta. Ko tana kwance ta dinga motsa idon sawu sama da ƙasa, ta matse cinya ta ƙirga biyar ta saki. In ta koma sanda ɗaya, a hannun ɓangaren lafiya ake riƙewa. Matakala kuma, wajen hawa ƙafar lafiya ce gaba, wajen sauka mai ciwon.

Gyaran gida kuwa kafin a sallamo ku za ku yi shi. Katifa a ƙasa ba za ta yi ba, a samo gado. Tabarma da kujera 'yar tsuguno a ɗauke su daga ɗakin gaba ɗaya don in ta gani sai ta zauna, a sa kujera mai hannu mai tsayi yadda gwiwa ba za ta ɗara ƙugu ba. Babban aikin shi ne masai na tsuguno, wannan kam babu shi, ku sayi kujerar bayan gida mai bokiti a shagon kayan asibiti. Wanda aka canja wa kan ƙashi yawanci ana hana shi sunkuyawa sosai da harɗe ƙafa na kamar sati 6 zuwa 12, ya kwanta da filo tsakanin cinyoyi, don kar abin ya goce. Sallah a kan kujera, wani ya wanke mata ƙafa a alwala. Inna ta fi jin ciwon rashin kai goshi ƙasa fiye da ɗinkin, sai da limamin unguwa ya zo ya ce "Hajiya, addini ya ba ki sauƙi, ki karɓa" sannan ta haƙura.

In ba ta iya juyawa da kanta, a juya ta duk awa 2, a duba ɗuwawu da dunduniya kullum, jan da bai gushe ba farkon gyambo ne. Famfas kar ya kwana da jiƙa.

Allurar hana daskarewar jini ko ƙwayarsa ana yi har kusan wata ɗaya, kar a tsaya don an ga ta warware. Zaren ɗinki ana cirewa wajen sati 2. Kuma don Allah a daina aiken yaro kemis ya haɗo maganin ciwon jiki, irin su Diclofenac suna taɓa ƙoda da cikin tsoho. Abinci a ba da mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, kindirmo, madara, ba kunu da shayi kawai ba, a fito da ita hantsi ta sha rana. Ruwa sai an matsa, tsofaffi a sanyin nan ƙin sha suke don gudun fitsari, daga nan sai ciki ya bushe. Sannan kar a rufe ta a ɗaki da garwashi wai don ɗumi, bargo da safa sun fi.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, zazzaɓi, ɗinki na fidda ruwa ko wari, ko ƙafar ta sake gajarcewa da ciwo mai tsanani, a koma asibiti a lokacin. Haka in ta fara sambatu tana kiran mutanen da suka rasu, ba aljanu ba ne ba kuma rikicin tsufa ba, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa ko wani magani da bai karɓe ta ba. Namu daren na uku ya faru, aka gwada fitsari aka gano.

Ranar komawa ganin likita ku tambayi maganin ƙarfafa ƙashi, don wanda ya karye da 'yar faɗuwa irin wannan ƙashinsa ya riga ya yi rauni, ɗayan ɓangaren ma yana cikin haɗari. A duba mata ido da hawan jini. Mu dai bakin famfon nan mun sa an goge gansakukar an yi masa siminti mai kaushi, silifas ɗin na jefar da kaina, akwai tocila a ƙarƙashin filonta saboda wutar NEPA, ruwan alwalar asuba kuma a filas yake kwana a gefen gado.