Yadda za ka gano asalin gidanku in a Legas aka haife ka

Jama'a, yaranmu na Agege da Idi-Araba da yawa ka tambaye su sunan kakan kakansu sai su yi shiru, wallahi abin na damuna.

Ka fara da tsohuwar gidanku tun tana da rai, ka zauna gefen tabarmarta ka kunna rikodin a waya, kar ka katse ta ko ta yi nisa cikin labari, ka tambayi garin da aka taso, fataucin goro ne ya kawo su ko shanu ko aikin soja kamar mutanen Obalende na farko. Duba tsagar fuskarta ma, ta Gobirawa daban ta Barebari daban.

Sunan ƙarshe kuwa mu yawanci na uba ne ko na gari, kamar Shagari ko Kano, wani kuma sana'a ce irin Wanzam, to kar ka nemi suna guda tun kaka da kakanni.

In an ce wani kaka ya tafi gabas bai dawo ba, nemi dangi a Sudan, wajen garin Mai Wurno, can mutanenmu suka zauna bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan mulkin mallaka a 1903. Tsofaffin takardu kuma sai Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.