Ga masu neman taimakon kuɗin makarantar tauhidi

'Yan'uwa, in ka samu gurbi a makarantar tauhidi ta TCNN Bukuru, ta JETS a Jos ko ta Kagoro, fara neman taimako daga majami'arku kafin ka shiga intanet. Kai wa fasto takardar gurbin da lissafin kuɗin makaranta, dattawa su miƙa wa majalisar ekklisiya ta gunduma (DCC) ko ta yanki (RCC) tun kafin a zauna kan kasafin shekara. In ka makara, sai baɗi.

Kada ka raina Zumuntar Mata. Ni su suka biya mini zangon farko, har da mudu goma na masara. Ka ce a tura kuɗin zuwa asusun makaranta kai tsaye, mutane sun fi sakin hannu haka.

Wanda ya ce sai ka biya kuɗin fom kafin tallafi, rabu da shi. Ƙungiyar Langham mai ba da tallafin karatun tauhidi kuwa, masu neman digirin digirgir suke ɗauka.