Yadda za ki gyara kuskure a gasar saƙar safa ba tare da kin warware aikinki duka ba

Duk wadda ta taɓa shiga gasar saƙar safa ta san cewa kuskure ya fi zuwa a lokacin da hannu ke gudu, hankali kuma ya koma kan agogo. Akwai gasar Sock Madness da aka fara a 2007, wadda ake yi kowace shekara ta intanet: a fitar da tsarin saƙa, kowace ta saƙa ƙafa biyu, ta tura hotuna alƙalai su duba. Akwai kuma Tour-de-Sock, wadda ke tara kuɗi domin ƙungiyar likitoci ta MSF, da mutanen Chadi da Arewa Mai Nisa a nan Kamaru suka san aikinta. Ko irin waɗannan kika shiga, ko kuwa 'yar gasa ce tsakanin matan ƙungiyarku a Garwa ko Ngaundare idan hunturu ya kawo kai, abin da ke raba wadda ta wuce da wadda aka bari a baya shi ne sanin kuskuren da ya wajaba a gyara, da kuma hanyar gyaran da ba ta cin lokaci.

Da zarar kin hango kuskure, ki ajiye kibiyoyin, ki koma ki karanta ƙa'idar gasar. Abin da alƙalai suka fi dubawa shi ne wanda ake iya ƙirgawa ko aunawa: yawan idanun da aka fara da su (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan kibiyar saƙa), tsawon wuyan safa, yawan zagayen ƙafa, irin dunduniyar da aka ce a yi, da ko adon ya fito yadda aka zana shi. Idan kuskurenki ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, gyara ya zama dole, domin safar da aka dawo miki da ita bayan kin rufe yatsu ta fi ɓata lokaci nesa ba kusa ba. Amma idon da ya ɗan saki a tafin ƙafa, ko wurin da zare ya ɗan yi kauri, wanki da shanya sukan daidaita su. Inda kika yi shakka, ki ɗauki hoto ki tambayi mai kula da gasar tun aikin bai yi nisa ba, kada ki ɓoye wurin a bayan hoto.

Lissafi ne zai nuna miki hanyar da za ki bi. A ce kin fara da ido 64 a kan kibiya mai kaurin milimita 2.5, kamar yadda aka saba da siririn ulun safa, sai kika gano ido ɗaya da ya karkace zagaye 10 a ƙasa. Idan kika ce za ki koma baya ido bayan ido, ido 640 ke nan za ki kwance, sannan ki sake saƙa 640. Idan kuwa kika bi layin wannan idon kaɗai zuwa ƙasa, ido 10 za ki kwance, 10 za ki mayar.

Ga yadda ake yi. Ki saƙa har ki iso idon da ke saman kuskuren, ki zare shi daga kibiya da gangan, ki bar shi ya sauka a hankali, kina taimaka masa da tsinin kibiya, har ya wuce wurin da ya ɓaci. Za ki ga zaruruwa a kwance ɗaya bisa ɗaya kamar matakan tsani. Sai ki ɗauko ƙaramin kwarashi, ki sa shi cikin idon da ya rage a ƙasa daga gaba, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi, ki jawo shi ta cikin idon, ki ci gaba haka mataki bayan mataki har ki kai sama. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, domin zaruruwan sukan harɗe, kuma idan kika tsallake ɗaya ko kika ɗauki na sama kafin na ƙasa, wurin zai tattare. Idan idon saƙar baya ne, wato mai ƙulli a fuska, ki juya safar ki yi aikin daga ciki. Haka ake yi wa idon da ya suɓuce da kansa, sai dai shi ana fara kama shi da fil kafin ya ƙara sauka.

Ni kaina na taɓa saƙa da ulu mai shuɗi mai duhu wani dare da aka ɗauke wuta, ina haska aikin da fitilar waya, ban ankara ba sai da safe na ƙirga na samu ido 63 maimakon 64. Idon da ya suɓuce yana can zagaye takwas a ƙasa, ya maƙale bai sauka ba, saƙar da ke samansa kuma ta haɗe babu sararin da zai bi. Na jawo shi da kwarashi, layin ya ɗan matse, sai na bi idanun da ke gefensa ina sassauta su da tsinin kibiya har zaren ya rabu daidai. Tun daga ranar nake ƙirga idanuna duk bayan zagaye biyar, kuma ba na zaɓen ulu mai duhu a gasa.

Komawa baya ido bayan ido yana da amfani ne idan kuskuren yana cikin zagayen da kike kai ko wanda ke ƙarƙashinsa. Ki sa kibiyar hagu a cikin idon da ke ƙasan wanda yake kan kibiyar dama, ki zame na saman, ki ja zaren.

Warwara mai yawa kuwa, wani lokaci babu makawa sai an yi ta, musamman idan adon ya goce a zagaye guda sukutum, ko an karanta zanen daga hagu alhali a saƙar zagaye daga dama ake karanta kowane layi. Maganin wannan tun kafin ya faru ake yin sa. Ki ɗauki zaren auduga siriri mai santsi, mai launi dabam, ki zura shi da allura marar tsini ta cikin duk idanun da ke kan kibiya, ki bar shi a nan ki ci gaba da saƙa, amma kada ki bi da shi ta cikin zoben da ake sa wa kibiya don alamar wuri. Idan abu ya lalace, sai ki zare kibiyoyi ki warware da ƙarfin gwiwa, domin saƙar za ta tsaya a kan wannan zaren. Wuri uku nake sa shi: bayan na gama haƙarƙarin wuyan safa, kafin dunduniya, da kafin na fara rage yatsu. Idan ba ki sa ba, ki bi zagaye ɗaya da kibiya mafi siranta, kina ɗaukar zaren ɓangaren dama na kowane ido, ki ƙirga ki tabbatar sun cika, sannan ki warware.

Kuskure ɗaya ne ba ya karɓar dabara: idan farkon saƙar ya murɗe lokacin da kika haɗa zagaye, kuma kin riga kin yi nisa, sai dai a sake daga tushe. Ramin da kan fito a kusurwar dunduniya kuwa abu ne mai sauƙi, domin ana ɗaukar ƙarin ido ɗaya a wurin a rage shi a zagaye na gaba, ko a toshe shi daga ciki da wutsiyar zare.

Sai kuma ƙafa ta biyu, wadda ita ce ke kunyata masu sauri. Hannun da ya saƙa ta farko da sanyin safiya ba ɗaya yake da wanda ya saƙa ta biyu da zafin azahar na Garwa ba, lokacin da gumi ke sa ulu ya riƙa cijewa a kan kibiya. Ki rubuta yawan zagayen kowane sashe a takarda, ki riƙa ɗora ƙafa ta biyu a kan ta farko kina gwadawa, kada ki jira sai kin kai yatsu. A lokacin hunturu kuma, idan fatar yatsu ta tsage tana kama zare, ki shafa man kaɗanya da dare, ki wanke hannu kafin ki ɗauki aiki. Kafin ki rufe yatsun da ɗinkin Kitchener, wato ɗinkin allura da ke haɗe idanun ƙarshe kamar saƙa, ki ƙirga zagayen ƙafa biyun sau biyu, domin wannan ɗinkin yana da wuyar kwancewa, kuma kada ki yanke wutsiyar zare gajere sai alƙalai sun karɓi aikin.