Yadda za a riƙe ƙarfin tsoka bayan shekara 50

Tun daga shekara 30 tsokar jiki take fara zaizayewa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Sikeli ba ya nunawa, domin kitse kan cike gurbin. A wajen tashi ake ganewa: sai dattijo ya dafa gwiwa ko bango kafin ya miƙe daga tabarma. Tsokar nan kuwa ita ke zuƙe yawancin sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, ita ke tare mutum in ya yi tuntuɓe.

Tattaki yana da amfani ga zuciya, amma bai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

A fara da cinya. Jingina kujera da bango kada ta zame, ka zauna a bakinta, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, hannaye a ƙirji. Miƙe tsaye, sannan ka koma a hankali kana ƙirga uku. Yi sau 8 zuwa 12, huta minti biyu, ka maimaita har zagaye uku. Yawanci a komawar ake ɓata aikin, mutum ya saki jiki ya faɗa kujera jagwab, alhali a nan ma tsoka tana aikatuwa sosai. Kada gwiwoyi su karkato ciki, kada kuma a riƙe numfashi, musamman mai hawan jini. Ranar da 12 ta zama wasa, rungumi galan mai lita 4 na ruwa, kilo 4 ke nan. In aikin bai ƙara wuya ba, tsoka ba ta ƙaruwa. Don ƙirji da dantse, dafa bango da tafuka ka riƙa turawa.

A tsallake kwana ɗaya tsakani. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai, amma suka a cikin gaɓa, a dakata a ga likita.

Sai abinci. Mai yawan shekaru na buƙatar furotin (sinadarin gina jiki) giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Koko zalla da safe, tuwo da dare, ba za su kai ba. A raba furotin ɗin sau uku: ƙosai ko ƙwai da safe, wake ko awara da rana, kifi ko kindirmo da dare. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara sai da izinin likitansa.